Ba tsohon ciwon ne ya dawo ba

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar Birnin Kebbi, malamar makaranta, na haura hamsin, ritaya ta kusa. Ba zan faɗi sunana ba, don garin namu kowa ya san kowa, kuma abin da zan faɗa ko a dangina ba kowa ya san shi ba. Kansa ta kama ni a ƙirjin hagu, aka yi magani na tashi. Bayan shekaru wata ta sake fitowa a daidai wurin, amma ba irin ta farko ba ce, ba ma danginsu ɗaya ba. Ta biyun a jikin robar da aka sa mini a madadin nonon da aka cire ta tsiro.

A 2011 na fara jin ƙullutu a nono. Aka tura ni asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka yanki tsoka aka gwada, aka ce sankarar mama ce, sai an cire shi gaba ɗaya. Aka cire, aka bi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Ba zan tsaya a kan kemo ba. Wadda ta sha ta san abin da nake nufi, wadda ba ta sha ba Allah ya raba ta da ita.

Zama da nono ɗaya shi ne abin da ban shirya masa ba. Yayata ta ɗinka mini 'yar jaka ta cusa auduga, ina sa ta a cikin rigar nono. Da sanyi ba laifi. Amma wanda ya san zafin Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu ya san abin da gumi zai yi wa auduga a kan tabon ɗinki. Kafin azahar ta jiƙe ta dunƙule, wurin ya yi ta ƙaiƙayi, ga shi ba dama ki sosa a gaban ɗalibai. In na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo sai ta haura sama, in na sauke sai ta tsaya can. Na koyi juya wa aji baya in gyara ta da gwiwar hannu ta ƙarƙashin hijabi, kamar alli nake nema. A ruku'u ma hankalina rabi yana kanta.

Na san abin da wasu za su ce: ai hijabi ya rufe, me ya dame ki? Hijabi a bakin ƙofar ɗaki yake tsayawa. Kuma kada a ce don kishiya ne, ba ni da ita, Malam kuwa bai taɓa nuna mini ko a fuska ba. Ni ce kullum in na shiga wanka nake kawar da kai daga jikina. Kafaɗata ma ta fara karkata, don nauyin ya koma gefe guda.

Da maganar gyara ta taso, hukunci na fara tambaya kafin kuɗi. Malam ya je wurin malaminsa na zaure. Amsar da ya kawo ita ce hadisin Arfajatu ɗan As'adu, sahabin da aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Malamin ya ce mayar da abin da cuta ta ɗauke ba canza halitta ba ne. Da wannan zuciyata ta kwanta.

A 2014 muka tafi Alƙahira. Aikin hawa biyu ne: da farko ana sa wata jaka a ƙarƙashin tsokar ƙirji, a riƙa ɗura mata ruwan gishiri kaɗan-kaɗan har fata ta miƙe, sannan daga baya a cire ta a sa robar ta dindindin. Kafin hawa na biyu likitan ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗora mini samfuri biyu a tafin hannu. Ɗaya zagayayya ce, sulɓi gare ta, tana zamewa tsakanin yatsu. Ɗayar sama siririya ƙasa mai cika, bayanta da kaushi-kaushi kamar harshen kyanwa. Ya ce ta biyun ta fi dacewa da wadda aka cire wa nono, don ta fi kama da na halitta, kuma kaushin ne ke sa tsoka ta riƙe ta kada ta juya. Na zaɓi wadda ya nuna. Ba a ambaci wata kansa ba a zaman nan. An yi maganar fashewa, an yi maganar ƙwayoyin cuta, an ce ba abu ne na har abada ba, wata rana za a iya canzawa. Shi ke nan.

Ranar sallama aka ba mu wani ɗan kati mai girman katin banki, an manna masa takarda mai sunan kamfani, da girman robar, da wasu lambobi. Malam mutum ne mai adana takarda, ko rasit ɗin wuta ba ya yarwa. Ya sa katin a jakar da yake ajiye takardun fili da shaidar karatunmu.

Shekarun da suka biyo baya lafiya lau na yi su, kuma ba zan ƙi faɗin haka ba don abin da ya zo daga baya. Na koma ɗinka kayana yadda nake so, na daina lissafin yadda zan ɗaga hannu. A lokacin ne aka fara wayar da kai sosai kan kansa a Kebbi, musamman ta hannun Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid, lokacin mijinta na gwamna. Duk watan Oktoba ana taruka, ana koya wa mata duba nono da hannu, ana gwajin bakin mahaifa. Nakan je. A tarukan da na halarta ban ji an taɓo maganar roba ba, kuma ban ga laifin kowa ba: mata nawa ne a zauren ke da ita? Matsalar da ke gabansu ita ce matan da ke zuwa asibiti sai ciwo ya fashe. Ni ma da nake zaune da tawa a ƙirji ban ɗaga hannu ba.

A azumin 2022, cikin Afrilu, gefen hagun ya fara cika. Cikin 'yan kwanaki rigar nono ta daina rufuwa, fatar ta miƙe tana ƙyalli, in na kwanta sai in ji nauyi yana gangarawa gefe. Ba zazzaɓi, ba ja, ba wani zafi na a zo a gani. Abu ɗaya ne ya zo mini: ya dawo. Na kasa faɗa wa kowa sai bayan sallar asham, na kama hannun Malam na ɗora a wurin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu sai asibiti."

Yaya kuwa da ta gani cewa ta yi, "Wanga ba na asibiti ba ne, iska ce ta shige ki." Ta kawo tofi da man shafawa. Na sha tofin, na shafa man, na kuma tafi asibiti.

Likitan farko da na gani na gaya masa akwai roba. Ya sa aka yi sikanin, aka ga ruwa ya kewaye ta. Ya zuƙe ruwan, ya rubuta maganin ƙwayoyin cuta, ruwan kuma aka zubar. Hoton bai nuna ƙullutu ba, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ba na riƙe da shi a zuciya. Ina kyautata zaton a duk aikinsa bai taɓa duba mace mai roba a ƙirji ba, ya yi abin da ake yi wa kowane ruwa da ya taru a jiki. Amma bayan ƙaramar salla wurin ya sake cika, har ya fi na da.

Ɗiyata ta fari a lokacin tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Sakkwato. Ta san an cire mini nono, amma tana tsammanin abin da take gani na sawa ne a riga. Ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar da ni ina fama da ɗaurin zane, dole na buɗe mata. Ta tsaya tana kallona.

"Mama, roba ce a cikin jikinki? Tun yaushe?"

Na gaya mata.

"Wace iri? Mai sulɓi ko mai kaushi?"

Na yi mamakin tambayar, don tun barinmu Masar ba wanda ya taɓa raba mini su biyu. Na ce mai kaushi. Ba ta ce komai ba, ta fita tsakar gida na ji tana cewa, "Baba, an ba ku wata takarda lokacin aikin Mama?" Malam ya shiga ɗaki ya fito da jakar. Katin na nan tsakanin takardar fili da satifiket ɗina na kwalejin ilimi, rubutun bai ko dushe ba.

A daren ta zaunar da mu da wayarta tana karantawa tana mayar mana da Hausa. Duk abin da aka dasa a jiki, jiki yakan saƙa masa wani tantani ya kewaye shi. A tsakanin wannan tantanin da robar ne wata irin kansa ke iya tasowa, likitoci na kiranta BIA-ALCL. Ba kansar nono ba ce, limfoma ce, wato ta ƙwayoyin garkuwar jiki. Kusan duk waɗanda aka samu da ita sun taɓa ɗaukar roba mai kaushi, kuma masu bincike na danganta abin da yadda kaushin ke ta tsokanar garkuwar jiki shekara da shekaru ba hutu. Yawanci sai bayan shekara 8 zuwa 10 take bayyana, kuma alamar da ta fi yawa ita ce kumburin ruwa a gefe ɗaya haka kawai. Tawa ta shekara 8.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shekarun da ta riƙa karantowa. An fara ba da rahoton cutar a 1997. A Janairun 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi sanarwar farko, lokacin an san mata kusan 60 ne a duk duniya. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtuka da sunanta. A Afrilun 2019 Faransa ta hana sayar da robobi masu kaushi sosai. A watan Yulin shekarar FDA ta nemi kamfanin Allergan ya janye robobinsa masu suna Biocell, ya kuma janye su daga kasuwannin duniya. A ranar, lissafin hukumar mata 573 ne suka kamu, 33 sun rasu, kuma 481 daga cikin waɗanda suka kamun robar wannan kamfanin ce a jikinsu. Tawa ta wani kamfani ce daban, amma ita ma mai kaushi ce.

Wato shekara uku ke nan tun janye robobin nan duniya na ta wannan magana, ni ina nan ina makin takardun jarrabawa ban sani ba. A ƙasashe irin su Ostireliya da Ingila akwai rajistar da ake rubuta matan da aka sa wa roba, da irin da aka sa, saboda in wani abu ya taso a nemo su. Mu da muke ɗaukar jaka mu tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya, mu dawo mu rufe bakinmu, a littafin wa muke? Asibitin can ya sallame mu, lambar wayar da muka bari ta otal ce ko layin da muka yar a filin jirgi. Asibitin gida kuma bai san an yi ba. Ba mai nemanmu, don ba wanda ya san muna nan.

Ɗiyata ta nemo mana likitan tiyatar gyaran jiki a Abuja. Shi da ya ji shekarun robar ya ga katin, bai yi wata-wata ba. Ya ce a sake zuƙo ruwan, amma wannan karon ko ɗigo kada a zubar, ana son aƙalla mililita 50, kuma a rubuta ƙarara a takardar gwaji cewa a nemi CD30, wata alama da ake gani a jikin ƙwayoyin wannan cutar. Ya ce in ba a rubuta ba, ɗakin gwaji zai duba ƙwayoyin cuta ne da kansar nono, ya ce bai ga komai ba, alhali abin na ciki.

Ina kwance ina kallon allon sikanin, robar ta fito baƙa, ruwan ya yi mata zobe. Mai aikin ya bi da allurar a hankali ta gefe don kada ya huda ta. Sirinjin ya fara cika da ruwa rawaya-rawaya, ba garau ba, da ɗan kauri. Ya cika, ya cire, ya ɗaura wani. Ina jin fatar na saki. Ɗiyata na tsaye tana karanta abin da aka rubuta a jikin kowace kwalba kafin a fita da ita, har ma'aikaciyar ta ce, "Hala 'yar gida ce?"

Sakamakon ya ɗauki lokaci. Ranar da muka koma likitan ya jawo kujera kusa ya ce, "Hajiya, kansa ce, amma ba waccan ba ce. Waccan ba ta dawo ba." CD30 ya nuna, wani gwajin da ake kira ALK bai nuna ba, haka cutar take. Ni dai tambaya ɗaya na yi: kemo fa? Ya ce mu ga hoto tukuna. Aka ɗauki hoton ƙirji da ciki, aka duba kaluluwar hammata, ba a ga ta fita daga cikin tantanin ba. Ya ce in haka ne maganinta wuƙa ce: a cire robar tare da tantanin gaba ɗaya, kada a bar ko ƙyalle. Waɗanda ta riga ta yi ƙullutu ta ratsa tantanin, ko ta kai kaluluwa, su ne ake ƙara wa kemo ko gasa wurin da hasken na'ura, kuma a cikinsu ne aka fi samun waɗanda suka rasu.

Aikin ya fi na sawa daɗewa, don bayan tantanin manne yake da haƙarƙari, sai an bi shi a hankali. Na farfaɗo da tiyo a gefe yana fitar da ruwa. Gwajin abin da aka ciro ya nuna gefunan duk tsaf suke. Ban sha kemo ba. Kuɗi kam an kashe: sarƙata da warawaran da na tara sun tafi, filin da takardarsa ta kwana da katin shi ma ya tafi, malaman makarantarmu suka ba ni kwasar adashi ba layina ba, ba tare da sun tambayi ciwon me ba ne.

An ba ni zaɓi, ko a sa mai sulɓi daga baya, ko a ɗebo tsoka daga bayana ko cikina a gina wani. Na ce a'a, ɗakin tiyata ya ishe ni. Yanzu akwai na silikon da ake sawa a aljihun rigar nono a cire da dare, shi nake sawa, in zafi ya yi tsanani in koma ta audugar Yaya. Ina zuwa a duba ni lokaci-lokaci, kuma har yau ba a ga komai ba.

Ba na son wadda ke da roba ta karanta wannan ta kasa barci. Cutar ba ta da yawa, mafi yawan masu robar har abada ba za su gan ta ba, kuma bincike bai nuna roba na ƙara haɗarin sankarar mama irin wadda aka sani ba. Ita kanta FDA ba ta ce wadda ba ta da wata alama ta je a cire mata ba, ko da mai kaushi ce, don tiyatar ma da nata haɗarin. Abin da ta ce shi ne mai robar silikon ta yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk bayan shekara 2 zuwa 3, don robar kan fashe a ciki ba a ji ba. In za a yi hoton nono kuma a gaya wa mai ɗauka tun kafin ya matse, don roba na tare wani sashe, akwai yadda ake ture ta baya a ɗauka. Mai sulɓin ma ba a ce a manta da ita ba: a Satumbar 2022 hukumar ta sanar da wasu nau'o'in kansa daban da aka samu a tantanin, a masu kaushi da masu sulɓi duka, ko da yake waɗannan sun fi ƙaranci nesa. Tun 2021 kuwa a Amurka dole ne likita ya bi takardar haɗurran nan da mace layi-layi, ta sa hannu, kafin a taɓa ta. Masu tallan gyaran jiki a Instagram, da ke haɗa wa mace biza da otal da likita a farashi ɗaya, ban taɓa ganin wadda ta nuna irin wannan takarda ba.

Ni aƙalla ina da abin faɗa in an tambaye ni, kansa ce ta ɗauke aka mayar. Wadda ta yi don kwalliya ta fi ni shiga matsi, don ita ko likita kunyar gaya masa take, tana tsoron wa'azi ko tsoron magana ta fita. Ra'ayina kan yin don kwalliya daban, amma ba a ɗakin likita ake wannan shari'ar ba. Likitan da ya tsaya yi wa mace faɗa kafin ya duba ta, ya sani gobe ba za ta dawo ba, wadda ta ji labari ma ba za ta zo ba.

Bara Yaya, wadda yanzu ta daina cewa iska ce, ta kawo mini wata yarinya, matar wani ɗan kasuwa. Ta yi nata a Turkiyya bayan ta yaye na uku, an ce wa dangi Umara ta tafi. Ba ta da kumburi, labarina kawai ta ji ta rikice. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Anti, don Allah ki rufa mini asiri, ni ban ma san wace iri ce a jikina ba." Ba a ba ta kati ba, matar da ta yi mata hanya kuma ta daina ɗaukar waya. Muka tono tsoffin saƙonninta na WhatsApp har muka samo sunan asibitin a jikin wani rasit, ɗiyata ta rubuta musu da Turanci tana neman takardar aikin da lambar robar. Sun ja lokaci, sai da aka yi ta tuni, amma sun turo. Tata mai sulɓi ce. Ta je ta yi sikanin ba a ga ruwa ba, likita ya ce ta bar ta, ta dawo bayan shekara biyu, ko kafin nan in ta ga gefe ɗaya ya canza. Takardar tana wurina, don ta ce gidanta ba inda za ta ajiye ta yara ba su tono ba.